Kilishin da Na Kai Bombay

Tun da muka dawo daga Indiya ban sha shayi cikin natsuwa a ƙofar gidan Abarshi ba. Abarshi abokina ne tun na ƙuruciya, kuma a inuwar gidansa muke zama bayan la'asar, mu tsofaffin ma'aikatan Filinge da aiki ya sallama. Da na zauna sai tambaya. "Mushe, da gaske na suna rawa bisa duwatsu?" "Mushe, kag ga 'yan wasan da idonka?" Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure har ya yi ƙafa. Ranar kasuwa na ji wani mai goro yana gaya wa mutane wai ni kaɗai na kori 'yan sanda bakwai a Bombay. To gara in rubuta shi yadda ya faru, har da wajen da ba ya yi mini daɗi, tunda a can labarin yake.

Sai na fara da yadda aka yi na zama Mushe Indiya (Mushe dai haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu), don wanda bai san wannan ba ba zai gane girman wautar da na tafka ba. A zamanin soja, ina makarantar horon malamai, kowane hutu sai na sauka Yamai gidan kawuna, kuma Allah ya sani ba zumunci ke kai ni ba, silima ce. Abokaina masu faɗa da rawa suke so. Ni kuwa waɗanda ke sa su hamma nake so, wato fim ɗin akawu. Mutum ne mai riga ɗaya da yake gogewa kullum, da laima a hammata, da 'yan kwanonin abinci masu hawa uku da matarsa ke miƙa masa a bakin ƙofa. Yana bin bas a guje, shugabansa na aiki yana hararar sa ta saman tabarau. Gidansa ɗaki biyu ne a bene, fanka a sama, keken ɗinki a kusurwa, hoton marigayi ubansa a bango an rataya masa furanni, tsohuwarsa tana tsintar shinkafa. In wata ya yi nisa sukari ya ƙare, sai matar ta leƙa wajen maƙwabta da ɗan kofi a hannu, domin a finafinan nan ba a rufe ƙofa. In wani ya kwanta ciwo kuwa, benen gaba ɗaya ke saukowa.

A nan na fara ganin irina a majigi. Mu masu albashi a tsakiya muke: attajiri bai ɗauke mu nasa ba, manomi kuma yana ganin mun ƙoshi, alhali rigar da muke shiga aji da ita jiya da yamma aka wanke ta. Da aka tura ni koyarwa garin Damana na sayi baƙar laima, ko da rani ina tafe da abata. Da na auri Ramatu na saya mata keken ɗinki kafin in sayi gado. Bayan shekaru, da bidiyo ya shigo Filinge, ni ake kira in zauna kusa da akwatin ina yi wa jama'a bayani. Indiyancin da na tsinta bai wuce gaisuwa da rantsuwa ba, sauran duk cikowa nake yi, kuma babu wanda ya taɓa kama ni. Ni kaina na yarda na san mutanen nan ciki da waje.

Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Ramatu ta fara haki in ta ɗebo ruwa, daga baya ko ruku'u sai ta huta. Likitan Yamai ya ce wata ƙofa ce a cikin zuciyarta ta tsuke, sai an yi aiki, kuma ba a nan ba. 'Yarmu Balkisa, da ke aikin jinya a Yamai, ita ta yi ta faɗi-tashi har takardu suka fito. Dangi suka taimaka, tsofaffin ɗalibaina ma da na zane da tsumagiya suka yi abin da ban zata ba. An ce asibitin ya samar mana ɗaki a wani bene kusa da shi, a hannun wani tsohon akawun jirgin ƙasa. Da na ji akawu, na ji bene, sai na ce wa Ramatu gida za mu.

Ba a zuwa wajen mai masauki hannu rabbana. Ramatu ta ce a yi kilishi, tunda ba ya lalacewa kuma babu wanda ya taɓa ƙin sa. Ta ce a samu cinyar sa mai kyau. Nan na gyara zama.

"Ke dai ba ki san duniya ba," na ce. "Mutanen ga saniya suka girmamawa. In kin kai musu naman sa kin ɓata. Na rago za a yi."

"To, Mushe, kai na kas san su," ta ce.

Mahauci ya yi mana na rago, ya sha ƙuli da yaji, aka naɗe cikin takarda, Ramatu ta cusa shi tsakiyar zannuwanta. Ta kuma ɗauko kwanon samirarta mai furanni da murfi, wanda mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki, ta ce a ciki za ta miƙa.

Mun tashi da safe a motar kasuwa. Na biya kujerar gaba don ta samu iska, ni na matse a baya tsakanin buhun gero da wata tsohuwa mai kaji. Kafin Baleyara taya ta fashe, muka yi zaman sa'a biyu a gindin wata aduwa, Ramatu tana jingine da ni tana numfashi da baki, ni ina ƙirga numfashin a zuci. A shingen shiga Yamai wani jandarma ya karɓi takardunmu, ya duba, ya sake duba ni, sai ya ƙame.

"Mushe! Ba ka gane ni ba? Ni na Salifu, wanda kas sa ya rubuta kalma guda sau ɗari, makarantar Tabla."

Na ce Allah ya sa ba yau zai rama ba. Ya yi dariya, ya leƙa ya gaida Ramatu, ya tsayar da wata ƙaramar mota mai sanyi ya roƙi mai ita ya kai mu har ƙofar Balkisa. Ban ma tuna kalmar ba, shi kuwa ya ce har yau ba ya kuskurenta.

Jirgi bai ba ni tsoro ba sai bayinsa, wanda in ka danna yake ƙara kamar zai haɗiye ka. Mun sauya jirgi a ƙasar Habasha, inda na yi ta yawo da buta ina neman wajen alwala har wani Basudane ya ja ni. A filin jirgin Bombay aka ɗora Ramatu a keken marasa lafiya. Jami'in duwan, wato kwastan, ya nuna jakarmu ya tambayi abin da ke ciki. Na haɗa tafukana a ƙirji na sunkuyar da kai na zuba masa gaisuwar da na haddace, ashe irin wadda ake yi wa sarakuna ce a fim. Ya kira abokin aikinsa ya ce in sake. Na sake. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka buga hatimi, ba a buɗe jakar ba. A lokacin na ɗauka sa'a ce.

Benen hawa huɗu ne, kuma daga waje shi ne dai na fim, har da wanki a shanye a baranda. Namu ɗakin a hawa na biyu, na ɗan mai gidan ne da ya tafi aiki ƙasar waje. Mai gidan, tsoho Joshi, yana ƙofar da ke kallon tamu shi da matarsa Sudha. Da ya fito da makulli sai na ga akawun fim tsaye a gabana: siriri ne, farar riga a goge, tabarau, alƙalami a aljihu, ga baƙar laima a rataye bayan ƙofa. Na taɓa Ramatu na ce ga shi nan. Da ɗan Ingilishin da na koya a kwaleji muka fahimci juna. Ya nuna mana fanka, ya nuna murhun gas, ya ce ruwan famfo da sassafe kawai yake zuwa, a tara a bokiti. Wannan dai ba su taɓa nunawa a fim ba. Ya miƙa makulli, ya koma, ya rufe ƙofarsa, na ji sakata uku.

Sakatar nan ta dame ni. A Kurfai, ƙasarmu, in baƙo ya sauka, ruwa ake fara kawo masa kafin a tambayi sunansa, in kuwa da mara lafiya ya zo, mata ba za su bar shi ya hura wuta ba. Na buɗe ƙofarmu na shimfiɗa tabarma, na zauna jiran masu sannu da zuwa. Mutane suna wucewa da jakunkunansu, su kalle ni, su kaɗa kai, su shige, su rufe. Kowace ƙofa da ƙarfe a gabanta da ɗan rami na leƙe. Kwana biyu babu wanda ya zo aron sukari. Abinci kuwa daga wani ɗan shago nake sayowa: shinkafa, da miyar wake ruwa-ruwa, da wata gurasa siririya, da nono mai tsami. Da daɗi, amma in ka ci sai ka ji kamar ana jiran a kawo abincin ne. Shayinsu dai na sara masa, da madara da citta ake dafa shi, Abarshi bai taɓa yin irinsa ba.

Rana ta uku Ramatu ta ce tunda ba su zo ba mu mu je. Ta jera kilishin a kwanon samira, ta rufe, ni na sa rigata mai guga na ƙwanƙwasa. Joshi ya buɗe, Sudha tana bayansa, gajeriyar mace mai furfura da jan ɗigo a goshi. Na ce tsaraba ce daga ƙasarmu. Ta karɓa da hannu biyu tana murmushi, kuma wannan ne murmushin farko da muka samu a benen. Ta wuce da shi ɗakin girkinta, inda na hango 'yar fitila tana ci a gaban abin bautarsu. Na ji ƙarar murfi. Sai ihu.

Ni kuwa, don a san ba jahili ba ne, na ɗaga yatsa na ce, "Na rago ne. Ba saniya ba. Na sani, shi ya sa."

Joshi ya cire tabarau ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "A gidan nan, tun kakan kakana, nama bai taɓa tsallake wannan dokin ƙofa ba. Ko ƙwai."

Ya shiga ya fito da kwanon a naɗe cikin jarida, hannunsa a miƙe nesa da jikinsa, ya sauka da shi ƙasa. Ya dawo babu kwano, ya rufe ƙofa. Yinin ranar muna jin ruwa da burushi ta bango. Na ga an fito da tukwanen abincin da ta dafa an zubar. Muna jin ta tana kuka tana wanki, tana wanki tana kuka.

Na ce wa Ramatu ai ban sani ba, a fim ban taɓa ganin haka ba. Shekara da shekaru ina kallon su suna cin abinci a farantin ƙarfe, ban taɓa tambayar kaina abin da ke cikin farantin ba.

"Mushe," ta ce, "in baƙo yaz zaka gidanka da naman alade, yad ɗora bisa buzunka na salla, yat tsaya shina murmushi shina jiran godiya, mi za ka yi?"

Ta juya ga bango. Can na ji ta ce, "Kwanon inna kuma ya tahi." Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, har na koma sauka bene da takalmi a hannu don kada su ji wucewata.

Kwana biyu bayan haka aka kwantar da Ramatu. Likitan mutumin kirki ne, kuma akwai tafinta mai jin Faransanci. Ya ce an sa aikin ranar Alhamis da safe, amma ƙa'idarsu ita ce dangin mara lafiya su kawo mutum huɗu su ba da jini a madadin wanda za a ƙara mata, kafin a shiga da ita. In ba a samu ba sai a ba wani mara lafiya ranar, mu jira layi ya sake zagayowa, makonni ke nan. Ya dubi faratan Ramatu da suka fara yin shuɗi, ya ce shi ba ya son jiran nan. Na nannaɗe hannun riga na ce a ɗebi na mutum huɗu a jikina. Suka tambaye ni yaushe na yi zazzaɓin cizon sauro, na ce watan jiya. Suka ce ko ɗigo ba za su karɓa ba.

A Filinge da sai dai in tsaya bayan sallar azahar in faɗa, a rasa gadon kwantar da mutane. A nan kuwa mutum miliyan nawa ne, ban san kowa ba. Na je masallacin da ke kusa ranar Talata, na yi bayani da Ingilishina mai ɗingishi, mutum biyu suka ce za su zo, da yamma na gane ba su fahimci wane asibiti ba, ni kuma ban karɓi lambarsu ba. Na tare wani direban tasi, ya zaci sayen jini nake so, ya kore ni. Na koma wajen Ramatu na ce mata komai na tafiya daidai.

"Ƙarya kaka yi," ta ce. "In kana ƙarya hula kaka gyarawa. Ka tahi ga maƙwabta."

"Da wane ido?"

"Ba roƙo nic ce ka yi ba. Ka tahi ka ba su haƙuri. Ko na mutu, ban son in bar haƙƙin matag ga bisa kaina."

Ranar Laraba da hantsi na yi abin da ake yi a garinmu in ka ɓata wa babba. Na cire takalmi, na cire hula, na durƙusa a ƙofar Joshi na ƙwanƙwasa daga ƙasa. Ya buɗe yana duban sama, bai ga kowa ba, sai da ya sunkuyo. Ya ruɗe ya ce in tashi, in tashi, maƙwabta za su gani. Na ce ba zan tashi ba sai ya isar wa matarsa cewa jahilci ne, ba raini ba. Bai shigar da ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya jawo ƙofar a bayansa ya zauna a kan matakala, ya nuna mini kusa da shi.

Ya tambaye ni ina na samo wannan gaisuwa ta sarakuna da yake ji ina yi wa mai gadin benen. Na gaya masa komai: silimar Yamai, laimar da na saya, keken ɗinkin, da yadda nake fassara wa mutane abin da ban ji ba. Na kwatanta masa akawun nan mai riga ɗaya. Sai na ga tsoho yana dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa. Ya ce shekara talatin da biyu ya yi a kan teburi ɗaya, kuma shi ma kujerar araha yake shiga a silima ya kalli kansa.

Na ce, "To ina buɗaɗɗun ƙofofin? Ina masu aron sukari?"

Ya ce, "Fanka gaskiya ce. Riga ɗaya gaskiya ce. Ƙofofin kuwa, ko a lokacin rabi ake buɗewa. Masu yin fim sun nuna mu yadda muke so mu zama, mu kuma mu fito daga silima mu yi ƙoƙari na kwana biyu. Yanzu 'ya'yanmu sun tafi, mun sa sakata."

Ya tambayi jikin matata. Na yi niyyar in ce da sauƙi, amma bai jira amsa ba. Takardar asibiti tana aljihuna ta leƙo, ya zare ta kamar yadda akawu ke zare takarda, ya gyara tabarau ya karanta har ƙasa. Ya ninke ya mayar mini. Ya shiga gida ya ɗauko laimarsa, ya hau sama. Na ɗauka ya gaji da ni ne, na sa hulata na koma asibiti, na yini ina yi wa Ramatu fifita ina gyara hula.

Ranar Alhamis, gari na wayewa, na fito barandar asibiti don kada in ga lokacin da za a zo a ce an ɗage. Sai ga Joshi a gaba, laima a hammata, farar riga a goge. A bayansa mutum huɗu a jere, kowa da kwanonin abincinsa masu hawa uku, domin daga nan aiki za su wuce. Na san fuskokinsu, su ne masu wuce tabarmata su kaɗa kai. Akwai ma'aikacin banki na hawa na uku, da malamin lissafi, da wani mai aikin gidan waya, da wata budurwa mai buga keken rubutu. Can baya Sudha ce, ta rufe kai da gefen zanenta, ta zo rakiyar mijinta. Ashe jiya Joshi ƙofa-ƙofa ya bi, hawa huɗu, da gwiwoyinsa masu ciwo. Shi da kansa ya fara miƙa hannu, suka ce ya wuce shekaru, ya yi ta faɗa da su.

Aka ɗebi na maza uku. Da aka ɗora budurwar a sikeli sai aka ce nauyinta bai kai ba. Ta roƙa, ta ce ta ci abinci, aka ƙi. Saura ɗaya, ga agogo, ga ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau biyu daga ɗakin aiki. Joshi ya fara duban baranda ko zai ga wanda ya sani. Ni dai na jingina da bango ina karanto duk abin da ya zo bakina.

Sudha ta miƙa wa mijinta jakarta. Ta hau sikelin ba wanda ya ce ta hau. Suka tambayi shekarunta, suka duba ta, suka ce ta isa. Ta kwanta a gadon, ta miƙa hannu, ta juya fuska ga bango, kamar yadda Ramatu ta juya ranar kilishi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon jinin matar da ko ƙwai bai taɓa shiga cikinta ba yana sauka a leda saboda matata. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, har malamin lissafi ya ba ni hankicinsa.

Da ta tashi ba ta dube ni ba. Ta yi wa mijinta magana a taƙaice, ya juyo ya ce, "Ta ce ku daina neman kwanonku. Yana wajenta."

Aikin ya ɗauki sa'a biyar, kuma Allah ya ba da sa'a. Mutanen nan sun tafi aikinsu a makare, Joshi kuwa bai motsa daga kusa da ni ba, ya buɗe kwanoninsa ya raba mana gurasa da dankali. Mun ƙara wata guda a benen kafin likita ya sallame mu. Ba zan ce ƙofofi sun buɗe duka ba, rabi dai, kamar yadda ya faɗa. Ma'aikacin banki yakan tara mana ruwa in na makara. Ranar da Ramatu ta fara hawa matakala da ƙafarta, sai ga Sudha ta fito ta riƙe mata gwiwar hannu. Daga nan kullum da hantsi su zauna a baranda suna tsintar shinkafa, wannan na Hausa, waccan na yarenta, kuma har yau ban san abin da suke wa dariya ba, ko da yake ina da zato.

Ranar tafiya Sudha ta zo ƙofarmu da kwanon samira. Joshi ya ce tun ranar ta sa aka karɓo shi daga wajen mai gadi, wanda shi ya ci kilishin kuma ya yaba. Ta goge shi da toka, ta shanya a rufin bene kwana da kwanaki kafin ta yarda ta taɓa shi da hannu. Ya ce a wajensu ba a mayar da kwanon maƙwabci wofi. Ramatu ta ce a gaya mata mu ma haka. Ta buɗe, cike yake da wata alewar madara da Sudha ta tuƙa da hannunta, a ɗakin girkin da na ɓata. Suka rungume juna a hankali saboda ɗinkin. Ni na haɗa tafukana zan fara gaisuwar sarakuna, Joshi ya riƙe hannuna ya ce don Allah in bari.

To, Abarshi, amsarka ke nan. Ban ga rawa a kan duwatsu ba, ban ga ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma ban kori ɗan sanda ba. Na daina fassara wa kowa fim. In an sa na dā ina kallo, har yanzu ina son su, sai dai yanzu farantin nake duba. Ina yi wa mutanen benen nan addu'ar alheri bayan kowace salla, kuma limamin da ya ga da gyara a ciki ya zo mu zauna.

Da layyar bana gidan ya cika, an yanka rago, ana rabon nama gida-gida. Ramatu tana tsakar gida tana ba da umarni da muryar da na yi shekara biyu ban ji ba. Matar ɗanmu, amarya ce ba ta san komai ba, ta rasa abin zuba kason maƙwabta, ta shiga ɗaki ta fito da kwanon samira. Har ta ɗauki tsoka. Ramatu, wadda likita ya hana gudu, ta tsallake tabarma biyu ta fizge kwanon ta rungume a ƙirji, daidai kan tabon.

"Ba wanga ba, ɗiyata," ta ce tana haki. "Ɗauko wani. Wanga ba shi cin nama."